Hannun Daman Mai Walda

Shekara goma sha shida Mai Walda ya yi yana koyar da ajin sababbin masu bi a cocinsu, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa neman sa ranar Lahadi an rasa ba, sai makon da aka binne mahaifiyarsa. A wani ɗan ɗaki ake yin ajin, bayan majami'a, mai benci biyar da allon da fentinsa ya koɗe. Nan yake tsayawa cikin rigarsa guda ta fita, wadda tartsatsin wuta bai taɓa hudawa ba, yana gaya wa mutane abin da bin Almasihu yake nufi. Yakan ce mai bi ba ya zaɓar wa kansa hanya, kuma gicciye kowace safiya ake ɗaukar sa, ba sau ɗaya a rayuwa ba. Yakan ce zuciya ɗaki ɗaya ce, ba ta ɗaukar masu gida biyu. Ya iya faɗa ƙwarai. Da yawa daga cikin waɗanda suke tsaye da ƙafafunsu a ikkilisiyar nan yau, a bakinsa suka fara jin waɗannan abubuwa. Abin da ba wanda ya lura da shi, har matar da yake kwana da ita ɗaki ɗaya, shi ne mutumin ya gaji.

Rumfarsa tana bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Ƙyamaren gidaje yake yi da tagogin ƙarfe, shi da ƙaninsa wanda kowa ke kira Dogo, ƙaton mutum mai dariya kamar ana buga ganga. Tun safe har rana ta yi sanyi suna tsugune a kan ƙarfe, in an ɗauke wuta su zauna su jira, in an kawo su tashi da gudu. Da ya kai shekara arba'in da bakwai idanunsa suka fara yi masa yaji ko da bai kunna inji ba. Likitan ido ya duba shi, ya ce in bai bar walda nan da 'yan shekaru ba, zai bar ta dole. Ya dawo gida bai gaya wa kowa ba.

Gidan ɗaki biyu ne. Matarsa tana ɗinki a tsakar gida da tsohon keke mai ƙafa. 'Ya'yansu biyu, duka mata. Babbar suna ce mata Lauya, domin tun tana ƙarama ba a gaya mata magana ta bar ta ba tambaya. Ƙaramar kuwa Auta, mai kwaikwayon muryar kowa, har ta Fasto. Akwai wani abu da Mai Walda yake yi kullum da safe kafin a watse. Yakan tsaya a bakin ƙofa, duk wanda zai fita ya ɗora masa hannun dama a ka, ya ce, "Je ki, na danƙa ki a hannun Ubangijina." Har Dogo, in ya biyo su tafi aiki tare, yakan rusuno da kansa yana cewa Yaya ya hau kujera ko kuwa albarkar ta tsaya masa a kafaɗa.

Wata rana aka kira su su kafa ƙyaure a wani sabon gida mai hawa biyu. Suka yini a rana suna aiki, maigadi ya hana su zama a inuwar baranda, wai an wanke ta. Da yamma mai gidan ya dawo. Mai Walda ya gane shi tun kafin ya fito daga mota. Shekarun baya ya zauna a benci na biyu a ajinsa, da takalmi ɗaya, daga baya ya ɓace daga coci, yanzu kuma Mai Tireloli ake ce masa. Ya yi murna da ganin tsohon malaminsa, ya ja shi falo, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi. Ya dube shi tun daga ƙonannun yatsunsa har zuwa jajayen idanunsa.

"Malam, har yanzu kana nan inda na bar ka."

Ba da raini ya faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Mai Walda ya yi dariya ya ce Allah yana da lokacinsa. Mai Tireloli ya ce haka ne, amma shi ya ga lokacin yana wuce wasu mutane kamar motar da ta cika. Da za su rabu ya rage murya ya kwatanta masa wurin wani boka a bayan kasuwar katako, ya ce ba a yanka komai a can, ba a tambayar addinin kowa.

Wata huɗu maganar tana ci masa rai. Ranar Lahadi yana koyar da haƙuri, ranar Litinin yana goge hawayen yaji da bayan hannu yana lissafin shekarun da suka rage wa idonsa. Ba ya shakkar akwai Allah. Abin da ya shiga zuciyarsa ya fi wannan muni, ya fara jin kamar ya yi wa Allah aiki an manta da shi. Ran wata Talata ya ce wa Dogo zai je duba farashin rodi, ya kama hanya.

Da tsakar rana ya isa. Ya bi ta bayan injinan yankan katako, ya shiga wani lungu da garin katako ya rufe ƙasarsa har ƙafa ba ta yin ƙara. A ƙarshen lungun akwai ƙofar ƙarfe, kuma duk da halin da yake ciki sai da idonsa na mai sana'a ya lura an yi mata mugunyar walda. Tana rufuwa a bayansa ƙarar kasuwa ta yanke ɗif, kamar an toshe masa kunne da auduga.

Ɗakin ba taga. Wata fitila ce ta mai take ci a ƙasa, harshenta a miƙe ba ya motsi. Sanyi ya ratso tafin ƙafarsa ya hau har gwiwa. Bango uku cike suke da kwaɗuna, ɗaruruwa, manya da ƙanana, duka a kulle, ba mabuɗi ko ɗaya. A gindin bango an jera takalma wari-wari, ba wanda yake da ɗan'uwa, wasu na manya, wasu ba su fi tafin hannu ba. A tsakiya kuwa wata tukunyar ƙasa ce da ta kai masa ƙugu, an naɗe wuyanta da jan ƙyalle wanda maiƙo ya mayar baƙi. Wani wari yana fitowa daga cikinta, kamar gashi ya ƙone an zuba masa ruwa.

Bokan bai yi kama da abin da ya zata ba. Ƙaramin mutum ne tsaf-tsaf, da tabarau na karatu da farce a yanke, yana zaune a kujerar roba kamar mai jiran layi a asibiti. Bai tambaye shi suna ba. Ya ce ya san abin da ya kawo shi, kowa abu ɗaya ke kawo shi.

Mai Walda ya fara shimfiɗa sharuɗɗansa, domin ya shirya su tun a hanya. Ya ce ba zai zub da jinin kowa ba. Bokan ya ce ko kaza ba za a nema a wurinsa ba. Mai Walda ya ce matarsa da 'ya'yansa ba sa cikin wannan magana.

"Wa ya ambace su? Kai ka kawo sunansu ɗakin nan, ba ni ba."

"Cocina fa? Ina koyarwa a can."

"Ka ci gaba. Mun fi son masu zuwa."

"To mene ne ladan aikin?"

Bokan ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, a hankali. "Hannunka na dama za ka ba mu aro. Duk cinikin da ya taɓa zai tsaya. Mu kuma abin da ka miƙo da shi, shi za mu karɓa. Abin da ba ka miƙo ba, ba ruwanmu da shi."

Mai Walda ya juya maganar a ransa. Ya ɗauka ana nufin wani kaso na abin da zai samu, kyauta ko sadaka da zai riƙa kawowa. Ya ga ba ta da nauyi. Sai bokan ya ce saura abu ɗaya, ya fuskanci tukunyar ya kira abin da ke ciki ubangijinsa, sau uku. Nan Mai Walda ya ja baya. Ya ce wannan kalma ba za ta fito daga bakinsa ba, ko za a kashe shi. Ya juya kamar zai fita, yana jira a tsayar da shi.

Bokan ya yi ɗan murmushi. "Malamai akwai son kalma. To bar ta a bakinka. Durƙusa kawai."

Ya durƙusa. Har ya ji daɗi a ransa cewa ya ci ciniki.

Aka sa ya naɗe hannun riga ya tura hannunsa cikin tukunyar har gwiwar hannu. Da fari bai taɓa komai ba sai wani ruwa mai kauri. Can sai wani abu daga ƙasa ya kama shi. Ba cizo ba ne, riƙo ne, irin na mai gaisuwa da bai son saki. Ya ji ana bin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, daga babba har ƙarami. Harshen fitilar ya kwanta gefe ɗaya ba tare da iska ba. Bokan ya tashi ya ɗauko sabon kwaɗo, ya kulle shi a iska a saitin hannun Mai Walda, ya rataye a bango, ya jefa mabuɗin cikin tukunya. Ba a ji faɗuwarsa ba. Da ya zaro hannun, a bushe yake ƙayau, sai dai sanyi kamar ƙarfen da ya kwana a waje. Wannan sanyin bai sake barin sa ba.

Kafin wata ya ƙare wani kamfanin gine-gine ya ba shi aikin ƙyamare da tagogi na unguwa guda. Daga nan aiki ya riƙa neman sa har gida. Duk wanda ya yi musabaha da shi a kan ciniki, ciniki ya faɗa. A cikin shekara biyu rumfar bakin titi ta zama masana'anta mai rufin kwano da ma'aikata sama da arba'in, shi kuma ya bar riƙe sandar walda, yana zaune a ofis mai sanyi. Suka tashi zuwa gida mai ɗaki shida. Matarsa ta rufe kekenta da zane ta ajiye a lungu. Ya sake wa coci rufi, ya sa wa ɗakin aji tagogi da fanka. Aka tsayar da shi a gaban jama'a ana ba da shaida da shi, cewa ga wanda ya yi aminci a ƙaramin abu Allah ya ɗaga shi. Ya sunkuyar da kai, mutane suka ce tawali'u ne.

Abu guda ya daina. Tun daga ranar Talatar nan bai sake tsayawa a bakin ƙofa da safe ba. Ba wai ya san wani abu ba ne, kunya ce kawai ta hana shi ɗora wannan hannu a kan yaransa. Yakan fita kafin su shirya, ya ce aiki ya yi yawa. Lauya ta tambaye shi dalili sau biyu, ya ce ai sun girma. Ajin ma ya ci gaba da shi na ɗan lokaci, amma maganar ta zama masa kamar tauna takarda, daga baya ya miƙa wa wani ya ce sai ya samu sarari. Fasto, tsoho ne mai jan ƙafa, ya zo ofis wata rana ya zauna ya sha shayi, ya yi ta kallonsa. Da zai tafi ya ce, "Ɗana, rufin ya yi kyau, mun gode. Amma na fi kewar ka a ɗakin baya." Mai Walda ya raka shi har mota yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

A shekara ta uku aka buɗe reshe a wani gari, aka ce Dogo zai je ya riƙe. Ran tafiyarsa ya zo sallama, iyali duka suna tsakar gida. Ya ajiye jaka ya durƙusa a gaban wansa da gwiwa biyu, ba wasa a fuskarsa, ya ce tun da babansu ya rasu ba shi da uba sai Yaya, ba zai kama hanya ba sai an sa masa albarka kamar da. Matar tana kallo, yaran suna kallo. Mai Walda ya rasa ta inda zai zille. Ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Je ka, na danƙa ka a hannun Ubangijina." Dogo ya ɗan zabura ya ce hannun Yaya kamar daga firji, aka yi dariya.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ma'aikata suka sami Dogo zaune ya jingina da bango, abin awo a hannunsa, idonsa a buɗe. Ba faɗuwa ya yi ba, ba wuta ce ta ja shi ba. Likitoci suka ce zuciya ce. Da Mai Walda ya je ɗaukar gawa, ma'aikacin asibitin ya yaye zanen ya nuna masa wani abu da ya ce bai taɓa gani ba. A tsakiyar baƙin gashin Dogo akwai fari fat, layi biyar, da faɗin tafi a bayansu.

Washegarin binnewa ya koma lungun. Bokan yana nan a kujerarsa. A gindin bango, a ƙarshen jerin, akwai takalmin aiki wari ɗaya, babba, mai tabon fenti a baki. Mai Walda ya san ranar da fentin ya zuba.

Ya ce an yaudare shi, an ce ba za a taɓa nasa ba. Bokan ya ce ba wanda ya taɓa, shi ya miƙo, da hannunsa, da bakinsa, a gaban shaidu. Mai Walda ya ce shi ga Ubangijinsa ya danƙa ƙaninsa.

"Haka ne. Wane ne ubangijinka?"

"Ban faɗa ba. Ka sani ban faɗa ba."

"Gwiwarka ta faɗa. Shekara uku kana cin abincinsa, kana kwana a gidansa, kana hawa motarsa. Kai da kake koyar da wannan abu, ni zan gaya maka yadda ake gane wanda mutum yake bi?"

Mai Walda ya roƙa a kwance masa ƙullin. Ya ce a karɓe komai, masana'anta da gida. Bokan ya nuna masa bangon kwaɗuna ya ce ya zaɓi nasa in zai gane shi, mabuɗin kuma ya san inda yake, yana iya sa hannu ya lalubo. Mai Walda ya dubi tukunyar. Ya kasa matsawa kusa da ita.

A nan ne fa ya kamata ya nufi gidan Fasto kai tsaye. Ya ma kama hanyar, har ya hango ƙofar. Amma a watan ne aka zaɓe shi dattijon ikkilisiya, sunansa yana jikin allon godiya a bakin majami'a. Ya tuna fuskokin mutanen da ya koyar, ya tuna abin da matar da Dogo ya yi wa alkawarin aure za ta ce. Ya juya mota. Ya gaya wa kansa cewa tunda yanzu ya san tarkon, zai iya kauce masa. Ya sayi safar hannu ta fata ya ce tsohuwar ƙuna ce ta tashi. Ya daina taɓa kowa a gidan. In Auta ta zo zama kusa da shi sai ya tashi. In ana addu'ar cin abinci za a riƙe hannu, ya ce ya riga ya yi tasa. Haka ya yi wata goma sha ɗaya yana zaune cikin iyalinsa kamar baƙo mai cuta, ba ya barci sosai, ba ya jin ɗanɗanon komai. Ya rame, mutane suka ce rashin ɗan'uwa ne.

Ran da Auta za ta fara jarrabawar gama sakandare, yana zaune a falo ya cire safar yana shafa mai a yatsunsa, domin sanyin ya fara sa su tsagewa. Bai ji zuwanta ba. Ta zo ta bayan kujera cikin kayan makaranta, ta cafke hannun da hannuwanta biyu ta ɗora a kanta, ta kumbura murya irin tasa ta da, ta ce, "Je ki, na danƙa ki a hannun Ubangijina." Uwar daga kicin ta amsa da amin tana dariya.

Ya fizge hannun ya kai mata mari da na hagu. Bai taɓa dukan ta ba tun da aka haife ta. Ta tsaya riƙe da kunci tana kallonsa, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki jakarta ta fita. Ya bi ta har titi ba takalmi yana kiran ta, amma ta riga ta shiga mota.

Ta rubuta takarda biyu. Rana ta uku ta ce kanta yana mata nauyi, rana ta huɗu aka kwantar da ita. Aka yi gwaji iri-iri ba a ga komai ba. Kwana tara tana ƙanƙancewa a kan gado kamar ana zuƙe ta. Mai Walda ya durƙusa a barandar asibiti yana so ya yi addu'a, ya rasa wanda zai kira, domin yana tsoron wanda zai amsa. Da ya shiga wurinta ta ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, wasa nake yi." Ya ɓoye hannunsa a baya ya ce ba komai. Ko goshinta bai iya shafawa ba. A rana ta tara da safe uwar ta kwance mata kitso don ta taje mata kai, sai ta ga farin layi biyar. Tana riƙe da matajin, yarinyar ta cika.

Matar ba ta yi kururuwa ba, ko a wurin binnewa. Bayan mako guda aka ga ta fito da kayan makarantar Auta ta goge ta rataye. Washegari ta sake gogewa. Daga nan ta fara zama a bakin ƙyaure tun azahar tana tambayar masu wucewa ko an tashi yara. Wata rana aka same ta ta aske kanta tas da almakashin ɗinki, tana duba madubi tana neman wani abu a fatar kan.

Lauya ce ta tsare shi. Ta shigo ɗakinsa ta rufe ƙofa ta jingina da ita. Ta ce wani ma'aikacinsa da ya je ɗaukar gawa tare da shi ya gaya mata abin da aka gani a kan Kawu Dogo. Ta ce ta daɗe tana haɗa abubuwa, ranar da ya daina tsayawa a ƙofa, da safar, da marin.

"Baba, tambaya ɗaya zan yi. Bayan Kawu, ka sani?"

Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya ce ya sani.

"Wata goma sha ɗaya," in ji ta. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta haɗa kayanta a ranar.

Ranar Lahadi, ana tsakiyar sujada, ya tashi daga kujerar dattawa ya je gaba ya cire safar ya ajiye. Ya faɗi komai, daga lungun har asibiti, da murya ɗaya kamar mai karanta takardar wani. Wasu suka fita, wasu mata suka ja 'ya'yansu jiki. Wani da ya taɓa zama a ajinsa ya rufe fuska da hannu yana kuka. Fasto ya sauko da jan ƙafarsa, ya kama hannun nan na dama da hannuwansa biyu, a gaban kowa, ya riƙe shi har aka gama addu'a. Daga baya ya ce masa shi bai yarda ran Dogo ko na Auta yana hannun wata tukunya ba, masu bi ne, kuma Mai su ya san nasa. Ya ce gafara tana nan ga wanda ya tuba, ko da ya kai haka. Amma ya ce ba zai yi masa ƙarya ba, gafara ba ta tono kabari.

Suka je lungun da dattawa biyu, suka tarar ƙofar a buɗe, ɗakin cike da buhunan garin katako. Masu aikin wurin suka ce tun da suka san shi ɗakin ajiya ne. Mai Tireloli kuwa, da aka neme shi, aka ce iyalinsa sun kai shi wani wuri da ake ɗaure masu taɓin hankali.

Dukiyar ba ta kai damina biyu ba. Ƙyamaren da masana'antar ta yi suka fara tsatsa daga ciki suna ɓallewa daga bango, unguwa bayan unguwa. Masu ba da aiki suka janye, ma'aikata suka watse, wuta ta cinye abin da ya rage da rana tsaka. Bai yi ƙoƙarin ceton komai ba. Ya sayar da gidan ya ba waɗanda ƙyamarensu suka faɗi.

Yanzu ɗaki ɗaya suke, shi da matar. Shi yake mata wanka, ya wanke kayanta, ya ba ta abinci a baki da cokali, in ta tofar ya share ya sake ɗebowa. Ba ta gane shi ba. "Bawan Allah" take ce masa, wani lokaci ta gode masa, ta ce mijinta yana wurin aiki, in ya dawo zai saka masa. Lauya tana zuwa ƙarshen wata ta ga uwarta. Takan gaishe shi daga bakin ƙofa, gaisuwar da ake yi wa maƙwabci, shi kuma ya fita ya zauna a waje har ta gama.

Kai da kake sauraro, kada ka ce wannan mugun mutum ne ka wuce. Ya fi yawancinmu sanin hanya, ya nuna wa wasu ita sun bi sun isa. Gajiya ce ta fara kama shi, ya ɓoye ta, ta zama ƙorafi, ƙorafin ya zama kwaɗayi, kwaɗayin ya kai shi inda ya durƙusa. In ka gaji, ka faɗa wa 'yan'uwanka tun tana gajiya. In ka faɗi, ka tashi ka yi magana a ranar, kada ka tsaya tsaron sunanka. Kuma duk wanda ya ce zai ba ka a yini ɗaya abin da Allah bai ba ka a shekara ashirin ba, ka sani ba daga aljihunka za a biya ba. Daga cikin waɗanda suke cin abinci tare da kai za a ɗauka, kuma kai za a bari da rai ka gani.